Gaggawar Mai Kiwo, Wahalar Macijiya

A 'yan shekarun nan da wuya in buɗe waya ban ci karo da wani yaro ya rataya maciji a wuya ba. Da a nan Amurka kaɗai nake ganinsu, yanzu har daga gida ake turo mini, a rubuta a ƙasa: "Baba, ga harkarku ta zama yayi." Yayin bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bidiyon barbara. An ɗora akwati a kan tebur, an dallara wa macizai biyu fitila, ga kiɗa, ga mai akwatin yana ta zuba, yana lissafin dalolin da zai kwasa in ƙwai ya ƙyanƙyashe. In ka ƙura wa macen ido sai ka ga jikinta bai ko gama cika ba. Shi yana lissafin kuɗi, ni kuwa lissafin kwanakin da suka rage mata nake yi.

Tsararrakina da muka ƙetaro karatu da kuɗin gwamnati lokacin da naira ke da daraja sun san inda muka taso. Gaisuwar maciji a wurinmu sanda ce. Kuma da dalili, domin kububuwa da kasa da gamsheƙa ba abokan wasa ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin saran maciji na Kaltungo da damina ba zai zargi manomi ba don ya ɗaga fartanya. Mu ne fa masu alfahari da wanda ya sare kan maciji a rijiyar Kusugu. Wanda ya riƙe maciji a hannu, ko dai gardi ne, ko a ce yana tare da iskoki. Da wannan tarbiyya na kama aiki a ɗakin kiwon ɓeraye na wata jami'a a Karolina ta Arewa, inda wani abokin aiki ya damƙa mini macijin masara na farko. Uwargida ta ce ko ni ko shi a cikin gidan. Aka yi sulhu, ya koma ɗan ɗakin bayan gida, ni kuma aka bar ni a ciki.

Macijin masara ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, ja-ja mai zane, ba shi da dafi, matse ɓera yake yi ya haɗiye. Yana cikin dangin da masana ke kira Kolubrid, dangi mafi yawa a cikin macizan duniya. Kada yaro ya ji haka ya ɗauka duk ɗan wannan dangi lafiya lau ne. Bumslan na Afirka ɗan gidan ne, kuma shi ya sari Karl Schmidt, babban masanin macizai na Shikago, a 1957. Mutumin ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa, washegari ya mutu. To ina ga kai da ka koyi aikin a TikTok?

Mu dawo kan barbara. Mai kiwo ba ya ƙirƙirar komai, lokaci kawai yake shiryawa. In kaka ta ƙare sai ka daina ciyar da macizan mako 2 zuwa 3 tun ɗakin yana da ɗumi, don cikinsu ya wofinta. Abincin da sanyi ya tarar a ciki ruɓewa yake yi ya kashe dabba. Sannan ka sauke zafi sannu a hankali zuwa digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyas, ka kashe fitila, ka ajiye musu ruwa, ka fita harkarsu wata 2 zuwa 3. Wannan zaman shi ne mafi wahala ga mai kiwo, saboda babu abin yi sai leƙe. Bayan nan ka maido da ɗumi, ka fara ba su ƙananan ɓeraye, ka jira macen ta yi saɓa. Idonta zai yi shuɗi-shuɗi, ta ƙi abinci, idon ya washe, ta sulluɓe tsohuwar fata. A sabuwar fatar ne ƙamshin da ke kiran namiji ya fi ƙarfi. A 1989 Robert Mason da abokan bincikensa suka gano sinadarin wannan kira a cikin maiƙon fatar wasu ƙananan macizai masu ratsi, irin waɗanda ke fitowa dubbai daga ramukan Narcisse a Manitoba ta Kanada duk bazara, maza su dunƙule a kan mace ɗaya. Kafin a gano sinadarin, masu kiwo sun san abu ɗaya: a jira saɓa.

Abin da ke biyo baya na sha kallonsa daga kan wata tsohuwar kujera, a nesa kaɗan, cikin hasken da bai fi na magariba ba. Namijin yana jin ta sai harshensa ya ƙara sauri. Ya bi bayanta, ya ɗora haɓarsa a gadon bayanta yana gogawa, jikinsa yana ɗan zabura, zabura, har ya daidaita tsawonsa da nata. Sai ka ga wani motsi yana bin jikinsa daga wutsiya zuwa kai, wutsiyarsa kuma tana lalube a ƙarƙashin tata. Daga nan hukunci na hannun mace. In ta yarda, ta ɗaga wutsiya, su haɗu, su yi tsit kusan kwata na awa, wani lokaci fiye. Namiji gaba biyu gare shi a gindin wutsiya, da ɗaya yake aiki a kowane karo. In kuwa ba ta yarda ba, za ka ga tana fizgar wutsiya tana zagaye akwati tana neman mafita. Nan mai hankali yake cire namiji ya bari sai bayan kwanaki. Yaran yanzu barin su suke yi, wai kada bidiyo ya lalace.

Akwai wata 'yar macijiya da ba ta fita raina. Ta ɗan wani abokina ce, yaro mai ladabi, yana zuwa wurina sayen ɓeraye. Ya sayo ta da tsada saboda launinta, ya dinga ɗura mata abinci don ta yi saurin girma. Ba ta kai shekara biyu ba ya zo mini da zancen haɗa ta da namiji. Na ce, "Ɗana, ka ɗora ta a sikeli tukuna. Masu wannan aiki sun daɗe da ƙa'idarsu: shekara 3, tsawon ƙafa 3, nauyin giram 300." Ya ce, "Baba, wannan lissafin da ne. Yanzu in ka jira, wani ya riga ka kasuwa." Ya haɗa su. Barbara ta yi kyau, ya turo mini hoto. Da lokacin saka ƙwai ya yi, ta saka kaɗan, sauran suka maƙale. Da dare ya buga mini ƙofa da ita a cikin kwali. Na ɗora ta a tafin hannu, ina jin ƙwan a jere ƙarƙashin fata, masu tauri, ita kuma tana ta yunƙuri ba ƙarfi, bakinta a ɗan buɗe. Likitan dabbobi ya yi iya ƙoƙarinsa, ba ta tashi ba. Maciji ba ya kuka, shi ya sa masu shi ke ɗauka ba ya shan wahala. Yaron ya yi hasarar kuɗi, ya share hawaye, ya sayi wata. Ita kuwa ranta ɗaya ne.

Sauri ya haifi nawa. Ku dubi zabiyan macijin masara da ya cika kasuwa yau, har ana ba da shi kyauta. A 1953 aka kama namiji zabiya a jihar nan tamu ta Karolina ta Arewa. Wani likitan fata, Bernard Bechtel, ya haɗa shi da mata masu launin daji, 'ya'yan suka fito babu zabiya ko ɗaya, domin irin wannan gado sai ya zo ta uwa da uba sannan yake bayyana. Ya rena su, ya jira suka balaga, ya sake haɗawa, sai a 1961 zabiyan farko suka fasa ƙwai a hannun mai kiwo. Duk wannan kasuwar launi da ake rububi a kai, daga haƙurin mutum ɗaya ta tsiro. Jikokin sana'arsa kuwa ba sa iya jiran damina ɗaya. Ana haɗa wa da ƙanwa, uba da 'ya, zuriya bayan zuriya, har aka sami layin da 'ya'yansa ke fitowa da ciwon jijiya, kai a karkace suna kallon sama, ba sa iya tafiya daidai. An kai ga kiwon maciji marar ɓawon fata, ana tafawa. Allah ya yi halitta da suturarta, kai ka tuɓe mata don a danna maka alamar so a Instagram.

Kada in cika baki, ni ma na sayar da 'ya'yan macizai, har babbar kasuwar masu kiwo ta Daytona a Filorida na je, kuma kuɗin sun biya wa yara wani abu. Neman halak ba laifi ba ne. Kayan aikin yaran nan ma sun fi namu: na'urar daidaita zafi da suke saya da araha yau, mu da kwan fitila da addu'a muka yi. Wasunsu ma ba sa sanyaya macijin masara sam, kuma yana yi musu ƙwai. Na gani da idona, ba zan musa ba. Duk da haka ni ina sanyayawa, kuma ina cewa ku sanyaya, ko don mai kiwon ya koyi zama.

Lokacin barbara dai a kauce, a bar macizan su sarara. To ban da macijin da ake kira sarki. Wannan abincinsa macizai ne, har masu dafi, kuma yunwa ba ta san miji ba. In za ka haɗa su, ka ƙosar da kowanne, ka zauna a kansu ko ƙiftawa kada ka yi. Namijin yakan kama wuyan macen da baki lokacin barbara, wannan al'adarsa ce. Amma in ka ga an fara naɗe juna ana matsewa, to an bar zancen aure an koma na kalaci, sai ka raba su nan take. Wani maƙwabcina ya tafi ɗaga waya, ya dawo ya tarar da maciji ɗaya mai ƙiba.

Sai kuma namu na gida. Akwai wani maciji mai ruwan ƙasa da ke zagaye rumbuna yana cin ɓeraye, ba shi da dafi, Turawa suna kiwonsa da sunan macijin gida na Afirka. Da a dangin Kolubrid ake lissafa shi, daga baya masana suka ware masa nasa. Can gida kashe shi ake yi, ɓera ya samu sarari ya cinye hatsi. Nan kuwa da dala ake sayensa. Shi ba ya bukatar sanyi, ko yaushe ya samu mace zai yi barbara, ita kuma ta yi ta saka ƙwai zubi bayan zubi har ta rame ta ƙare. Wanda ya bar mata namiji a akwati shekara cur, shi da wancan yaron duk kanwar ja ce.

Ƙwai ma haƙuri yake so. Wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan barbara, macijiyar masara za ta sake saɓa, bayan kamar kwana 10 ta shiga ɗan akwati mai danshin gansakuka ta saka ƙwai 10 zuwa 30, farare, masu laushin fata, manne da juna. Wanda ya saba da kaza zai so ya juya su. Kul. Ɗan tayin yana mannewa a sama, in ka kifa ƙwan kana iya kashe shi; ka sa alama da fensir ka ɗauke su yadda ka same su. A ɗumin digiri 27 zuwa 28 za su yi kusan wata 2. Jinjirin yana da ɗan haƙori a kan hanci, da shi yake tsaga ɓawo, ya leƙo da kai, ya zauna yini ɗaya ko biyu yana shanye sauran gwaiduwa. Yanzu almakashi ake sa wa ƙwan tun kafin lokaci, a yaye, a leƙa launi, a nuna wa duniya. Hannun da ya kasa jiran uwar, ina zai jira ɗan?

Tambayar da nake yi wa duk mai son haɗa macizai ita ce: 'ya'ya ashirin ɗin nan, wa zai riƙe su? Macijin masara yana kai shekara 20 a hannun mai kula. Wanda ya gaji sai ya buɗe akwati a bayan gari, ya ce ya 'yanta shi. A tsibirin Gran Kanariya na Sifaniya, sarkin macizai ɗan Kalifoniya da ya kuɓuce daga hannun masu kiwo ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990, ya yi wa ƙadangarun tsibirin ɓarna mai yawa. Mu kuma tun muna allo aka karantar da mu labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ban ga inda aka ce hukuncin ya tsaya a kan kyanwa ba. Duk abin da ka rufe a akwati, cinsa da shansa da lokacin haihuwarsa sun hau wuyanka.

Masu turo mini bidiyo daga Kano da Damagaram suna tambaya ko su fara, ga amsata. In dafi ne ke burge ku, ku nemi wata sana'a, iyayenku na bukatarku. In kiwo kuke so da gaske, ku fara da kiwon ɓera shekara guda, ku ga ko za ku iya da warinsa. Ku sayi sikeli kafin ku sayi fitilar ɗaukar hoto, ya ma fi ta araha. Macen da ba ta kai ba, a bar ta sai baɗi. In baɗin ma ba ta kai ba, a sake bari. Wanda zai riga ku kasuwa ya riga ku, Allah ya ba shi sa'a, ku dai kada a zo mini da wata a cikin kwali.