Ba Laifin Kawu Ba Ne

Wata uku kwamfutar Kawu tana cikin jakarta a saman durowa, ba wanda ya san dalili. Mutum ne da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa, ya yi ritaya yana hedimasta. Tun da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya masa laftof ta hannu, ba ya kwana bai buɗe ta ba. A cikinta yake buga tarihin makarantar garinmu da ya daɗe yana tattarawa, a cikinta yake karanta labarai bayan sallar asuba. Rana ɗaya ya daina. In an tambaye shi sai ya ce idonsa ne ke damunsa.

Da na je gaishe shi bayan Sallah, ya jira har kowa ya fita, ya ce in turo ƙofa. Ya ce, "Ɗana, akwai abin da nake so ka duba mini, amma ya tsaya tsakanina da kai." Wai yana zaune da jikarsa 'yar shekara tara yana nuna mata taswirar duniya, sai ga hoton tsiraici ya faɗo daga kusurwar allo. Ya rufe kwamfutar da sauri, yarinyar tana tambayarsa me ya faru. Sau uku ya rantse mini bai taɓa shiga irin waɗannan wurare ba. Muryarsa tana rawa.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba sai ka rantse ba. Na san abin, kuma ba aikinka ba ne."

Wannan rantsuwar ce ta sa nake wannan rubutu. Dattijo mai mutunci ya ɗauki wata uku yana jin kunyar laifin da bai aikata ba, har ya ajiye aikin da yake ƙauna. Kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Akwai malamai, akwai iyaye mata, akwai ɗalibai da wannan ya same su suka yi shiru, don sun san abin da mutane za su fara zato.

Da na kunna kwamfutar na buɗe Chrome, alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Shafin farko ba Google ba ne, wani injin bincike ne mai kwaikwayon kamanninsa. Ka rubuta abu ka nema, sai adireshin ya yi tsalle ta wurare biyu ko uku kafin sakamako ya fito, rabinsa talla. Ka danna ko'ina a shafi, sabon shafi ya buɗe da kansa, na caca ko na maganin ƙarfin maza. Fanka tana ta gurnani alhali ba wani aiki ake yi ba. Datar da ya kan yi wata da ita, ya ce, kafin ya ajiye kwamfutar ba ta kai masa kwana goma. Wannan shi ne a ƙwace wa mutum burauza: wata manhaja ta shigo ta canza shafin farko da injin bincike, ta cusa tallace-tallace, sannan ta toshe hanyar mayar da su yadda suke.

Abin da na fara ƙoƙarin fahimtar da Kawu shi ne wannan sana'a ce, da kasuwarta da dillalanta. Ba wani maƙiyi ne ya nufe shi ba. Duk binciken da aka karkatar ta shafinsu akwai ɗan kamashon da ke shiga aljihun wani, duk tallar da aka nuna ko aka danna haka. Har biyan masu rarraba manhajoji ake yi a kan kowace kwamfutar da suka dasa abin a ciki. A kan mutum ɗaya kuɗin ba wani abu ba ne, amma ka lissafa miliyoyi. A 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ba da rahoton wata irin wannan manhaja da ake kira Fireball, ya danganta ta da wani kamfanin talla a Beijin mai suna Rafotech, ya ce ta shiga kwamfuta miliyan 250. Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba, amma bai musa cewa miliyoyi ne ba. A ƙarshen 2020 Microsoft ɗin ya bayyana wata, Adrozek, wadda a watan Agustan shekarar ake ganinta a kwamfuta sama da 30,000 kowace rana. Ita ba ta tsaya a talla ba, har kalmomin sirrin da aka adana a Firefox take kwashewa.

Kuma ba 'yan bayan fage kaɗai ba. Waɗanda suka daɗe da kwamfuta za su tuna shekarun da in kana saka Java sai a liƙo maka Ask Toolbar matuƙar ba ka cire alamar amincewa ba. A 2015 aka gano Lenovo ya sayar da laftof sababbi fil da manhajar talla mai suna Superfish a ciki, wadda ke iya leƙa har shafukan da ya kamata a ce a kulle suke. Sai da kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohin Amurka 32 a 2017. Wanda ya sayi irin wannan kwamfutar a kwali, wane shafin banza ya shiga?

Ta Kawu kuwa ƙofa biyu aka bi. Ta farko, wani yaro a gidan ya taimaka masa ya sauke manhajar mayar da takarda zuwa PDF daga shafin da ya fara gani, ya yi ta danna Next, Next, Next har ƙarshe. A tsakanin waɗannan dannawar ne ake ɓoye ƙananan akwatuna da an riga an sa musu alama, masu cewa ka yarda a saka maka kaza da kaza. Ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi, don ita ta jawo hoton. Wani shafi ya nuna masa saƙo cewa ya danna Allow don ya tabbatar shi mutum ne ba na'ura ba. Ya danna, kamar yadda kowa zai yi. Alhali abin da ya amince da shi shi ne shafin ya riƙa turo masa sanarwa kai tsaye zuwa allo duk lokacin da ya ga dama. Babu wani bairos a nan, izini ne aka karɓa da yaudara. Shi ya sa anti-bairos ɗin da ke kwamfutar yake ta cewa lafiya ƙalau.

Kawu ya ce wani ya ba shi shawara ya kai shago a yi mata fomat. Na san wannan shawarar, ita ce maganin kowace cuta a wurinmu. Ina ganin ƙoƙarin masu gyara, kuma akwai lokacin da babu makawa sai fomat ɗin. Amma ba da shi ake farawa ba. Sau da yawa mutum ya rasa takardunsa, a mayar masa da Windows tare da tarin manhajojin kirak, wato na sata, daga filash ɗin da ya zaga kwamfuta ɗari, wani lokaci har a kashe masa Defender, anti-bairos ɗin Windows, don kirak ɗin ya zauna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga wani abin kuma: in mutum ya shiga Chrome da asusunsa na Google, ƙarin manhajojin da ke manne da burauzar suna iya dawowa da kansu da zarar ya sake shiga, ko da an goge komai.

To ga yadda muka yi, ni da shi, yana zaune gefena da tabarau.

Kafin komai na kwafe tarihin makarantar nan zuwa filash mai tsabta. Sannan na buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar na jera su bisa ranar da aka saka su. Wannan 'yar dabarar tana tona asiri da yawa. Guda huɗu suka fito a rana ɗaya, ranar da aka sauke ta PDF ɗin, masu sunaye irin na taimako: wannan wai mai ƙara gudu, wancan wai mai kare bincike. Kowanne na nemi sunansa a wayata kafin in cire, don kada in taɓa abin da kwamfutar ke buƙata. Ko wajen cirewar sai ka karanta a hankali, domin ɗaya daga cikinsu ya so ya saka mini wani abu a madadinsa.

Daga nan na rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Ƙarin manhajoji biyar, Kawu bai san ko ɗaya ba. Huɗu suka fita, ta biyar ta ƙi, maɓallin cirewa ma babu. A ƙasan jerin zaɓuɓɓukan burauzar an rubuta Managed by your organization, wato wai wata ma'aikata ce ke kula da ita. Wace ma'aikata, ga mutumin da ya yi ritaya? Wannan tsari ne da aka yi domin kamfanoni da makarantu su sarrafa kwamfutocinsu, ɓarayin suka ari rigar suka saka. In ka rubuta chrome://policy za ka ga dokokin da suka dasa. A nan saiwar take, kuma shi ya sa mutane ke cewa sun cire abin ya dawo.

Ana iya tuge ta da hannu a cikin rajistar Windows, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar shiga can. Na sauke AdwCleaner, 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta da Malwarebytes ya mallaka tun 2016, wadda aikinta ke nan, kuma tana da zaɓin share waɗannan dokokin na Chrome. Don Allah a kula, daga shafin kamfanin kaɗai ake sauke ta. Akwai manhajojin ƙarya da yawa masu sunan gyara, su ne ma cutar. Ta yi bincike na 'yan mintuna, ta tattara abin da ta samu, muka sake kunna kwamfutar. Ta biyar ɗin nan ta fita.

Ban tsaya nan ba, don na sha ganin abin ya dawo washegari. Na leƙa Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da za ta riƙa yi da kanta, na tarar da wani aiki da aka tsara ya riƙa tashi lokaci-lokaci yana buɗe wani adireshi. Na goge shi. Na danna tambarin Chrome da ɓangaren dama na maus, na shiga Properties, na duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe, to an liƙa wani adireshi a bayansa, ta yadda ko ka gyara komai, da ka danna tambarin can zai kai ka. Na share ƙarin.

Sai muka zo kan abin da ya hana Kawu barci. A saitunan burauzar, ɓangaren sanarwar shafuka, akwai jerin waɗanda aka ba izini. Sunaye ne marasa ma'ana, haruffa a cakuɗe. Na nuna masa na ce, "Kawu, ga masu turo hoton nan." Ya matso ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yanzu waɗannan ne?" Na ce su ne. Na ba shi maus ɗin, shi da kansa ya cire su ɗaya bayan ɗaya.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Muka mayar da saitunan Chrome yadda suka zo daga asali, wanda ba ya taɓa shafukan da ka adana. Muka bar Defender ya yi cikakken bincike, muka kunna zaɓinsa na toshe manhajojin da ba a so. Muka canza kalmar sirrin imel ɗinsa da ta Facebook, tunda ba mu san abin da aka gani ba. Duka bai wuce awa biyu ba, ko sisi ba a kashe ba sai data.

Abu ɗaya na faɗa masa ban ɓoye ba. Kwamfutarsa Windows 10 ce, kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Masu Windows 7, da har yanzu suna da yawa a shagunan buga takardu da ofisoshinmu, nasu ya ƙare tun Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya musu a siga ta 109. Irin waɗannan duk sharar da aka yi musu katangar a rushe take, sai an yi tunanin sabuntawa.

Kafin in tafi ya ɗauko biro ya ce in faɗa masa abin da zai kiyaye. Na ce kada ya ƙara danna Allow don wani shafi ya ce ya tabbatar shi mutum ne. In zai saka manhaja, ya nemo ta daga shafin masu ita, ya zaɓi Custom in an ba shi zaɓi, ya karanta kowane shafi kafin ya wuce. In allo ya cika da jan rubutu wai an gano bairos, ga lamba a kira, ya rufe burauzar kada ya kira kowa. Ya rubuta a bayan wata tsohuwar kalanda ya jingine ta kusa da tebur.

Jiya ya turo mini babi na shida na tarihin makarantar in duba masa.

Roƙona gare ku, 'yan uwa: in kun ga irin wannan hoto ya faɗo a kwamfutar mahaifinku, ko matarku, ko ɗanku, ko abokin aikinku, kada ku yanke masa hukunci a zuci. Ku fara duba jerin shafukan da aka ba izinin sanarwa. In kuma akwai dattijo a gidanku da ya ajiye kwamfutarsa ba dalili, ku same shi shi kaɗai, ku tambaye shi a hankali.