Kai! Na Danna Katakon Ƙofa, Yatsana Ya Lume!

Jama'a, ku tsaya! Don Allah ku tsaya ku ji abin da idona ya gani, kunnena ya ji!

Gida ne fa. Gida tsaf a bayan garin Zariya, fenti na sheƙi, tayil na ƙyalli, dillali sai zuba yake yi. Yayana ne zai saya, amma ya ce ko kwabo ba zai biya ba sai wani dattijon kafinta ya duba masa katakon gidan. Ni ɗan rakiya ne kawai.

Dattijo ko kallon fenti bai yi ba. Tocila a hagu, sukundireba a dama. Ya nufi katakon ƙofar ɗaki, ya ƙwanƙwasa sama: ƙwas, ƙwas. Ya sauko ƙasa: bum, bum! Kamar ganga!

"Yaro, zo ka danna nan."

Na danna. Wayyo! Yatsana ya lume! Lumewa fa! Ashe fenti ne kaɗai a tsaye. Ciki ba katako, sai jar ƙasa tana zubowa, sai wasu 'yan farare-farare masu taushi suna ta guje-guje, suna neman duhu. Gara!

"Baba, ta ina ta shigo?"

Ya haska gindin bango. Wani siririn layin laka ya taso daga tsagar daɓe, ya lallaɓa, ya lallaɓa, har ya kai ga katako. Hanyarta ke nan! Jikinta ba ya jure iska da rana, bushewa take yi ta mutu, shi ya sa take gina rufaffiyar hanya da ƙasa da yawunta da kashinta. Baba ya ɓalle tsakiyar layin da farce, ya dubi Yaya.

"Alhaji, ka dawo bayan kwana biyu. In ka tarar an liƙe, to masu gida suna nan."

Amma tsaya, ba ka ji komai ba tukuna! Ya bubbuga katakon da ƙarfi, ya ce in kara kunnena. Na kara. Shiru. Sai... kas-kas-kas-kas! Ƙasa-ƙasa, da sauri-sauri! Tsigar jikina ta tashi! Sojojin gara ne ke buga kawunansu a bangon rami, suna sanar da 'yan'uwa an taɓa gida. Makafi ne fa! Sojojin makafi, ma'aikatan makafi, amma ga gangami, ga tsari, ga aiki ba dare ba rana. Ikon Allah!

Ranar ban iya barci ba sai da na bi diddigin wannan halitta. Kai! Kai! Kai! Gara ba dangin tururuwa ba ce, dangin kyankyaso ce! Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2007 ya sa ta cikin gidan kyankyasai. Ire-irenta sun kai kimanin 3,000 a duniya. Uwar garar da ke can ƙarƙashin manyan surin nan na dajinmu kuwa, tana iya zuba ƙwai wajen 30,000 a yini guda. A yini guda! Kuma masu surin nan manoma ne: a cikin duhu suke noma wani irin naman gwari, shi ke narkar musu da itacen da suka kwaso.

Takarda? Tana ci. Littafi, kwali, buhun hatsi? Tana ci. A 2011, a wani banki a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, an buɗe akwatin ajiya aka tarar gara ta cinye takardun kuɗi na rufi miliyan 10! A banki! Sai na tuna sandar Annabi Sulaimanu, Alaihis Salamu, a Suratu Saba'i: aljannu na ta wahalar aiki, ba su san ya rasu ba sai da ƙwaron ƙasa ya cinye sandar. Aikinta ke nan tun fil'azal, ɓarna a ɓoye.

To, mu koma gidan, don akwai saura!

A madafa, ƙarƙashin tagar da famfo ke ɗiga kusa da ita, ga wani ɗan tsibin dusar katako. Na ce, "Baba, ga wata garar!" Ya girgiza kai. Ya ɓamɓare gefen katakon. Subhanallah! Ramuka sumul-sumul, tas-tas, ba laka ko ɗigo! Sai ga wata ƙatuwar tururuwa ta leƙo, siririn ƙugu, dogayen ƙafafu.

Wannan ba ta cin katako. Sam ba ta ci! Sassaƙe shi take yi don ta sami ɗakin kwana, ta watso dusar waje tare da guntayen matattun ƙwari. Abincinta zaƙi da ƙwari, fitarta da dare. Kuma katakon da ya jiƙa ya fara ruɓewa ta fi so.

"Wannan 'yar aike ce, Alhaji," in ji Baba. "Duk inda ka gan ta, ruwa na shiga. Nemi yoyon kafin ka nemi magani."

Ka ga bambanci? Rami da laka, gara. Rami tsaf da dusa a ƙasa, tururuwa. Gara ta fi ɓarna nesa ba kusa ba, amma danshi ne ke gayyato su duka biyun.

Sai fukafukai! Tuli guda a dandamalin taga, ta ciki. Shinge! Shingen nan da ke rufe fitila bayan ruwan farko, yara na ta kamawa ana soyawa! Ashe angwaye da amaren gara ne! Su fito, su zubar da fukafukai, su shige ƙasa biyu-biyu, kowane biyu su kafa sabuwar masarauta. A waje gindin fitila, ba abin tashin hankali ba ne. Amma tulin fukafukai a cikin rufaffen ɗaki? To gidansu na kusa, ko ma yana ciki! Ɗauki ɗaya ka duba: na gara fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, jiki ba ƙugu, gashin kai a miƙe. Na tururuwa na gaba sun fi na baya tsawo, ƙugu a tsuke, gashin kai a lanƙwashe.

Kuma ashe magabata sun riga mu sani! Me ya sa magina ke neman azarar giginya? Taurinta! Gara ba ta samun ta da sauƙi. Da azara magini Babban Gwani ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Mu kuwa sai mu ɗora ɗanyen farin katako, ko magani ba a shafa ba, mu rufe da silin, mu ce mun gama gini!

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mai gida ko ɗan haya, tashi yau ɗin nan! Ɗauki tocila. Ƙwanƙwasa kowace ƙofa daga sama har ƙasa. Leƙa bayan kabad, leƙa cikin silin, zagaya gindin bango. Janye itacen girki da kwalaye daga jikin gini. Tone kututturen da aka bari a tsakar gida. Gyara indararo, gyara famfon da ke ɗiga, kada katako ya taɓa ƙasa. In ka ga layin laka, kada ka tsaya a maganin sauro, don na sarari kaɗai zai kashe, uwar tana can ƙasa tana zuba ƙwai. Kira ƙwararren mai feshi. In kuma saye za ka yi, don Allah ƙwanƙwasa kafin ka biya!