Baƙin Allo Ba Ya Mantuwa

Da yawa daga cikin 'yan uwana marubuta suna tsoron baƙin allon nan na kwamfuta wanda babu hoto a cikinsa, sai dai ka rubuta umarni ta aikata. Tsoron bai wuce na hadda ba: wa zai riƙe dogon layin Turanci a ka? To albishirinku, shi da kansa yake riƙe maka.

A yawancin kwamfutoci masu Linux, manhajar da ke karɓar umarnin sunanta Bash, wadda wani Ba'amurke, Brian Fox, ya fitar a 1989. Abin da ka rubuta tana adana shi, bisa asali har layi 500. Maɓallin kibiya mai kallon sama yana dawo maka da su ɗaya bayan ɗaya. Amma in umarnin ya kwana biyu, danne Ctrl tare da R, ka rubuta haruffa biyu ko uku da ka tuna, sai ga shi ya fito cikakke. In ba shi ba ne, sake danna su ta ƙara komawa baya. In ka fasa, Ctrl da G.

Ni dai na ga ranar wannan dabara a 2021, bayan da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato cikin Satumba saboda 'yan bindiga, har da namu na Sabon Birni da Isa. Ƙanena da ya koya mini umarnin kwashe rubutuna zuwa filas yana Sakkwato. Ba kira, ba intanet. Wata yamma labari ya zo Gangara cewa kowa ya yi ta kansa. Kwamfuta ba ta shiga aljihu, ga caji ya kusa ƙarewa, ga babi 19 na sabon littafina a cikinta. Na danna Ctrl da R, na rubuta rsy, farkon rsync ke nan, umarnin ya fito yadda yaron ya bar shi. Da filas ɗin a aljihu na fita.

Sai dai a kula, mai riƙe maka zance shi ke iya tona ka. Kada ka rubuta lambar sirri cikin umarni, domin wanda ya zauna bayanka zai iya ganinta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.