Sauraron ƙasa a Lankashiya

Alhamis, 15 ga Agusta, 2019
Yau suka fara tura ruwa a rijiya ta biyu, Preston New Road, kusa da Blakful. Ruwa da yashi da matsi mai ƙarfi, don a tsaga dutsen da ya riƙe iskar gas, wajen kilomita biyu a ƙasa. Namu aikin daga ɗakin kwamfuta: duk tsagewar da ta yi motsi, mu faɗi daga ina.

Asabar, 17
Ƙananan motsi birjik, akasari ƙasa da sifili a ma'auni. Na'urorin da aka zura cikin rijiyar farko ke kama su. Na saman gona kuwa hayaniya zalla: manyan motocin titin M55, tarakta, shanu, igiyar teku. Sai dare ya raba layin ke yin tsabta. Barcina ya koma rana.

Litinin, 19
Igiyar girgiza ta P ta riga isowa, ta S ta biyo baya. Tazararsu ita ce nisan, kamar walƙiya da tsawa. Nisa da sauƙi. Zurfi ne ciwon kai: in na ɗan taɓa saurin da muka ɗauka girgiza na yi a duwatsun sama, ɗigon ya tashi ya koma wani wuri. Malaminmu ya leƙa allona, ya ce, "Ki daina zana ɗigo. Zana da'ira, ki ce yana ciki."

Laraba, 21
Girgiza mai 1.6 a ma'auni, wajen tara na dare. A dokar nan 0.5 ma jar fitila ce, a dakata awa 18. Kuma lokacin ba a tura komai, famfo a kashe. Shi ya fi damuna.

Alhamis, 22
Umma ta kira. Na ce aiki lafiya. Shayi, burodi, allo.

Juma'a, 23
Na ɗora motsin kwana uku a taswira ɗaya. Ba sa zagaye rijiyar yadda suka saba. Sun jeru a layi, suna nisa da ita. Tsohuwar tsaga da ruwa ya tayar? Ko dai idona ne ke son ganin layi. Ban nuna wa kowa ba tukuna.

Asabar, 24
2.1, sha ɗaya na dare. Kan layin.

Litinin, 26
Ranar hutu. Takwas da rabi na safe, 2.9. Wannan ba sai da na'ura ba: mutanen Blakful da Lytham sun ji gidaje na rawa. Ya wuce 2.3 da aka samu a rijiyar Preese Hall a 2011. An dakatar da aiki. Hannuna na rawa ina sa alamar isowar P, ga ta ɓaro-ɓaro a kowace tasha, babu lalube.

Talata, 27
Ƙanana na ci gaba, jefi-jefi. Ruwan da aka tura yana can ciki, ba mai ce masa tsaya. Malam na son taswira kafin Alhamis, da da'irorinta duka. Saura ɗari da wani abu ban duba ba.