Littattafan da Ke Kan Teburinmu

Wanda bai taɓa ganin ana wasan Dungeons & Dragons ba, ya ɗauka tatsuniya ce da aka sa wa doka. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kuma kowa ya riƙe jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin na da haɗari, kamar tsallake rami ko yi wa sarki ƙarya, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska ashirin, shi zai raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan a Amurka a 1974. Mu shida ne muke yin sa, yawancinmu masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma gardamar wane littafin dokoki ya fi wani ba ta ƙarewa a tsakaninmu.

Littattafai uku ne ginshiƙin bugu na biyar da ya fito a 2014: Player's Handbook na 'yan wasa, Dungeon Master's Guide na mai ba da labari, da Monster Manual na dodanni. Na farkon ne ya fi shan hannu. Abin da ya sa muke ƙaunarsa doka ɗaya ce ƙarama. In jaruminka na da galaba, misali ya faɗa wa abokin gaba yana barci, sai ka jefa dayis biyu ka ɗauki wanda ya fi yawa. In kuma shi ne a matse, ka ɗauki ƙaramin. Shi ke nan. Bugun baya sun cika da ƙara biyu a nan, rage ɗaya a can, har mutum ya manta ana tsakiyar yaƙi. Mun zauna mun yi lissafin: in kana buƙatar 11 ko fiye, damarka kashi 50 ce cikin ɗari, amma da dayis na biyu sai ta koma 75. Duk wanda ya taɓa goge layi ɗari na manhaja ya maye su da uku ya san daɗin irin wannan.

Monster Manual kuwa muna son zane-zanensa, amma akwai shafukan da muke wucewa. Ya kasa aljanu gida huɗu, na iska da na wuta da na ruwa da na ƙasa, har da ifritu, kowanne da adadin bugun da zai sha kafin ya faɗi. Ga wanda ya rubuta, abin ado ne da aka aro daga Dare Dubu da Ɗaya. A wurinmu aljani ba abin da ake sa wa lamba ba ne, kuma biyu daga cikinmu suka ce ba za su zauna a teburin da ake wasa da shi ba. Muka cire su, muka sa Dodo da kura mai magana, wasa bai ragu da komai ba.

Cikin littattafan ƙari, Xanathar's Guide to Everything na 2017 ne muka fi buɗewa, saboda abubuwan da ba na faɗa ba: me jarumi yake yi tsakanin tafiya da tafiya, wa ya raine shi, me sana'arsa ke kawo masa. A ƙarshensa akwai jerin sunaye, har da na Larabawa da na harsunan Neja-Kwango. Ba na Hausa, domin Hausa a dangin Cadi take, sai muka rubuta namu: Tanko, Ladi, Barau, Talatu. Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya raba kanmu. Ya ba ɗan wasa damar sauya baiwar da aka liƙa wa jinsin jaruminsa, ta yadda ba dole wannan ƙabila ta zama ta ƙarfi, waccan ta kaifin basira ba. Wasunmu na ganin ya sa kowa ya zama iri ɗaya. Mafi yawanmu muna tare da littafin, don mun san inda maganar "su ai haka jininsu yake" ke kai mutane.

Amma in aka ce mu zaɓi guda, ba mai bango mai ƙyalli za mu ɗauka ba. Kowane ɗaya cikin manyan ukun ya fito ne a kan kusan dala 50, kafin kuɗin aikowa, kuma kowa ya san yadda naira take. Abin da ya fara shigar da mu wasan shi ne kundin dokoki na kyauta da ake kira SRD, mai shafi fiye da 400, ba hoto ko ɗaya, wanda ke zama a waya ba tare da cinye wuri ba. Tun shekarar 2000 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da lasisin da ya halatta wa kowa ya gina nasa littafin a kan waɗannan dokoki, kwatankwacin buɗaɗɗiyar manhaja da muke ci da ita kullum a wurin aiki. Ta wannan ƙofa Nyambe ya fito a 2002, duniyar da aka gina a kan tatsuniyoyi da tarihin Afirka, haka ma wasan Pathfinder a 2009.

A watan Janairun 2023 labari ya fasu cewa kamfanin na shirin soke tsohon lasisin, ya kawo sabo mai tsauri. Hankalinmu ya tashi, domin muna da shafuka kusan arba'in na wata masarauta mai ganuwa da ƙofofi bakwai da muke fatan fitarwa wata rana, dukkansu a kan SRD suke tsaye. 'Yan wasa a ko'ina suka yi ca, da yawa suka janye kuɗin rajistarsu. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya ja da baya, ya saki kundin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya karɓewa bayan an bayar. A daren muka sauke sabon kwafin, kowa ya adana a wayarsa, aka koma kan rigimar ko kura mai magana ta cancanci dayis biyu in tana yi wa sarki ƙarya.