Takardar da Ba Ta San An Yi Ambaliya Ba

Watan Agusta nauyi biyu gare shi a Haɗejiya: kogi yana cika, sakamakon WAEC kuma yana fitowa. Wanda ya ci duka, ranar Lahadi za mu ji shaidarsa. Wanda ya faɗi duka ya san sake zama ne a gabansa. Waɗanda suka fi damuna su ne na tsakiya, masu B2 a nan, D7 a can, da ke naɗe takardar su sa a aljihu, in an tambaye su su ce "da godiya" su wuce.

Ɗan yayata yana cikinsu. Yana shirin shiga SS2 aka yi ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da sauran garuruwan bakin kogi. Shinkafar babansa ta tafi, kuɗin makaranta ya bi ta. Zango guda bai shiga aji ba, yana taya wani mai kifi ɗaukar kwali a kasuwa. Da ya koma, ilimin halittu da aikin gona bai sha wuyarsu ba, don abin da yake gani kullum ne. Amma lissafi kamar ginin bulo yake, in layi ɗaya ya ɓace na sama ba ya zama. Sakamakonsa na 2024 ya fito da B2 a aikin gona, B3 a ilimin halittu, C5 a kimiyyar sinadarai, C6 a Turanci, sai D7 a lissafi. Ya miƙo mini ya ce, "Kawu, shi ke nan ko?"

Abin da na fara gaya masa bai yi masa daɗi ba. A jami'o'in Amurka ɗalibi yakan rubuta labarin kansa, malamansa su rubuta masa shaida, har a duba abin da ya same shi a shekarar da makinsa ya faɗi. Mu ba mu da wannan. Fom ɗin JAMB ba shi da wurin da za ka rubuta cewa ruwa ya ci gonarku. Sai dai wannan rashin sanin yana da nasa sauƙin, don ba wanda zai nemi ripot ɗinka na SS1 ya ga na nawa ka zo. Abu biyu ake dubawa: makin JAMB cikin 400, da kiredit biyar a darussan da kwas ɗinka ke nema. Ga ɗan kimiyya, dole Turanci da lissafi su kasance ciki. C6 kiredit ne. D7 ba kiredit ba ne, kuma B2 ɗin da ke kusa da shi ba zai ara masa komai ba.

To amma yawancin kwasa-kwasai suna karɓar kiredit ɗin a zama biyu. Kana iya haɗa WAEC da NECO, ko ka rubuta jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara ka toshe ramin. Likitanci ne, da wasu kwasa-kwasan da ake rububi, sukan nemi zama ɗaya a jami'o'i da yawa. Ke nan matsalar yaron darasi ɗaya ce, alhali shi yana ganin kamar shekara shida ce ta rushe.

Akwai kuma abin da iyayenmu da yawa ba su sani ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Jigawa tana cikin na ƙarshen, haka ma Filato, Binuwai, Taraba da Adamawa. Wannan ya shafe mu sosai, domin cikinmu akwai waɗanda aka haifa a Haɗejiya, Hausa ce a bakinsu, amma takardar asalinsu ta wata jiha ce, kuma ita ake dubawa. Kafin ka cike fom, ka san matsayin jiharka a jami'ar da kake so. Kada kuma mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa ya ruɗe ka. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace makaranta da kowane sashe suna da nasu ma'aunin.

Ba a yi mako biyu ba wani ya zo wa yayata da shawara. Akwai wata makaranta, in an biya kaza, lissafi "tabbas ne". Mirakul senta ake ce musu, sunan da ya isa ya sa mai bi jin kunya. Ba zan raina wannan jarabar ba, uwa ce da ta ga shekarar ɗanta za ta salwanta. Amma ko an ajiye maganar gaskiya gefe, wadda bai kamata a ajiye ba, hukumomin jarrabawa sukan riƙe ko su soke sakamakon cibiyar da suka kama. Kuma wanda ya sayi A1 a lissafi zai tarar da lissafin yana jiransa a ajin farko, inda babu mai sayarwa. Yayata ta yi shiru, daga baya ta ce a bar maganar.

Wata uku ya yi yana zama da wata 'yar'uwa mai koyar da lissafi, suna bin tambayoyin shekarun baya. Ya rubuta NECO ta 'yan waje, ya samu C6. Ba a yi shagali ba, amma ramin ya toshe. Tunda makin JAMB shekara ɗaya yake aiki, ya sake zama a 2025. Makin bai kai shi jami'a ba, sai ya canja zaɓi zuwa foliteknik ɗin Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya, wadda asalinta kwalejin aikin gona ce, inda B2 da B3 ɗinsa suke da amfani.

Na san wasu suna ganin foliteknik kamar kujerar baya. Ban yarda ba. Difloma shekara biyu ce, kuma mai sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta JAMB. Haka mai NCE daga Gumel, haka wanda ya yi IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ba inda za su. Shi dai yaron idonsa na kan tsangayar aikin gona ta Dutse, kuma ko zai samu ya danganta da makin da zai fita da shi.

Duk mai irin wannan takarda a aljihu, ya kawo ta ranar Asabar bayan koyon waƙa, mu ƙirga kiredit ɗin tare tun ba a rufe rajistar jarrabawar ƙarshen shekara ba.