Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Tarauni Da Littafi A Jaka

Wata takwas muna muhawarar littattafai a zauren WhatsApp, ba mu taɓa ganin juna ba. Ranar Asabar muka haɗu a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Daga Titin Zariya muka hau adaidaita-sahu zuwa Kasuwar Tarauni, neman ɗan zauren da ya fi kowa iya sharhin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Mun zaci malami ne. Ashe ɗalibin sakandare ne, yana jiran rumfar tumatirin mahaifinsa. Wayar yayarsa yake ara da daddare ya yi karatu, bai taɓa riƙe littafin a hannu ba. Muka bar masa namu.

Ƙannenmu, ku ma ku duba unguwarku. Wataƙila akwai mai jiran aron littafinku.